Kukis ɗin ots: me za a saya, me za a bari a kanti?

Tambaya daga Zariya: Anti, yarana suna son kukis ɗin ots, ga shi na kanti ya yi tsada. Na je saya na tarar da ots iri-iri, na rasa wanda zan ɗauka. Sannan an ce dole sai da jan sukarin waje. Gaskiya ne?

'Yar'uwa, duba girman ɓawon kafin ki duba sunan kamfani. Akwai mai faɗin ɓawo wanda aka turara aka murje, shi ne ya fi dacewa, don yana riƙe jikinsa a wuta, a ji shi a haƙori. Akwai ƙanana masu saurin dahuwa, irin na gwangwanin Quaker da muke dama wa yara. Su ma suna yi, sai dai kukis ɗin ya fi laushi. Biyu ne ban yarda ki saya ba: na 'yan ledoji da aka riga aka zuba wa sukari da ƙamshi, da kuma wanda aka sassara kamar tsaki, don minti 10 a wuta ba ya dafa shi.

Jan sukari kuwa, bar musu abinsu. Amfaninsa shi ne baƙin ruwan rake da ke jikinsa, wanda ke riƙe danshi ya hana kukis bushewa. Wannan ruwan yana nan cikin mazarƙwaila, ke da kike kusa da Maƙarfi, garin rake, ai abin a ƙofar gida yake. Ki daka ta, ki tankaɗe saboda tsakuwa, ki haɗa rabi da rabi da farin sukari. Ni na fi son ɗanɗanonta ma.

Ga awo: bota giram 200, sukari kofi 1 da kwata, ƙwai 2, fulawa kofi 1 da rabi, ots kofi 3, sodar gashi (wato bekin soda) cokalin shayi 1, kirfa cokalin shayi 1, da ɗan gishiri. A nan ne nake so ki kashe kuɗinki, wato wajen bota. Ki sayi mai tauri ta dunƙule, kada ki ɗauki mai laushi ta shafa wa burodi, ruwanta ya yi yawa, kwaɓin zai baje a faranti. In kina son sa zabibi a ciki amma ya yi tsada, yanka dabino ƙanana ki zuba kofi 1.

Tambaya daga Maraɗi: Ba ni da oben. In saya saboda wannan?

A'a, ƙanwata, sai in sana'a za ki yi. Samo tukunya mai kauri, ki zuba yashi mai tsabta a gindinta, ki rufe ta yi zafi kamar minti 15. Ɗora gwangwanaye uku a kan yashin, ki aza farantin a kansu, ki rage wuta. Mai oben tana sa shi a digiri 180, minti 10 zuwa 12. Tukunya takan ɗan fi haka, kuma yawan buɗe murfi yana korar zafin. Ki sauke da zarar gefe ya yi ja, ko da tsakiya na da laushi, zai ƙarasa tauri in ya huce. Da zafin Maraɗi, ki sa kwaɓin a firij rabin awa kafin gashi, in akwai wuta.

Tambaya daga Kumasi: Maigidana yana da ciwon sukari, an ce ots na da kyau gare shi. In riƙa yi masa?

Hajiya, ots na da amfani, yana ɗauke da wani sinadari da ke taimakawa wajen rage kitsen jini. Amma duba awon da na bayar a sama: sukari ya haura kofi, ga fulawa, ga bota. Mazarƙwaila da dabino da zuma duk suna ɗaga sukarin jini. Ki dama masa ots ɗin zalla ba sukari, kuma ko shi ɗin ku tambayi likitansa yawan da ya kamata ya sha.