Nawa ne kuɗin sauya fad ɗin birkin Mustang, kuma wanne ya kamata in saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗan kasuwar riɗi ne a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Kiyawa, jihar Jigawa. Bara na sayi Ford Mustang GT ƙirar 2016, tokumbo. Kwanan nan birkin gaba ya fara ƙara idan na taka. Makanikin garinmu ya ce fad ne ya cinye, amma ya gaya mini gaskiya bai taɓa kwance irin wannan motar ba. Na tura ƙanena Ƙofar Ruwa a Kano, ya dawo mini da farashi uku: na ₦40,000, na ₦150,000, da wani na ₦400,000 da sai an yi oda. Cutata ake son yi ne? Wanne zan saya, kuma nawa zan tanada gaba ɗaya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya albarka a kasuwa. Babu alamar cuta a wannan tazarar, kaya ne iri uku aka gaya wa ƙanenka kuɗinsu. Amma kafin ka fitar da ko sisi, a fara tabbatar da cewa fad ɗin, wato abin da ke matse faifan birki don mota ta tsaya, ya cinye ɗin.

Motar da take shiga hanyar burji kullum, ƙarar birkinta ba koyaushe take nufin fad ya ƙare ba. Ƙwayar tsakuwa ko yashi na iya maƙalewa tsakanin faifan birki da farantin da ke bayansa, ka ji ƙara kamar ana wasa wuƙa. Fad na motocin gudu ma yana da halin yin ƙara da sanyin safiya kafin ya ɗauki zafi. A cire taya a duba da ido. Sabon fad kaurin namansa milimita 10 ne zuwa 12. Idan ya sauko 3, lokacin canji ya yi. Idan har yanzu yana da 6 ko 7, a wanke, a share ƙura, ka ajiye kuɗinka.

To, mu ɗauka ya cinye. Abu na farko da yake yanke farashi shi ne kalifa, wato ƙarfen nan da ya rungumi faifai yake matse fad a jikinsa. Mustang ta wannan zubin, wadda Ford ya fara fitarwa a ƙirar 2015, birkin gabanta yawanci iri uku ne. Ƙananan, masu silinda 4 ko 6, galibi suna zuwa da faifai mai faɗin milimita 320 da kalifa mai fistan 2. GT ta yau da kullum faifanta 352 ne, fistan 4. Wadda aka yi wa ƙarin kayan gudu tun daga kamfani kuwa faifanta 380 ne, da kalifa mai fistan 6 na Brembo, kamfanin Italiya da aka kafa a 1961 kusa da garin Bergamo. Fad ɗin ɗaya ba ya shiga ɗaya. Don haka cewa mai shago "na Mustang nake so" bai isa ba. Leƙa ta cikin wili ka ga ko an rubuta Brembo a jikin kalifa, ka kwafi lambar shasi, haruffa da lambobi 17 ɗin nan da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, kuma a tafi kasuwa da tsohon fad a hannu. Motar tokumbo ba ka san abin da mai ita na farko ya sauya ba, tsohon fad ɗin shi ne shaidar da ba ta ƙarya.

Dalilin da ya sa kayan birkin irin wannan mota suke da tsada yana cikin aikin da suke yi. Birki gudun mota yake mayarwa zafi. Motarka ta kai nauyin kilo 1,700, ga inji mai lita 5.0 da silinda 8. Kuma zafin da birki yake sha ba daidai da gudu yake hawa ba: idan gudu ya ninka biyu, zafin ninkawa huɗu yake yi. Wanda ya tsaya daga kilomita 160 a awa ya ɗora wa birkinsa ninki huɗu na abin da mai tsayawa daga 80 ya ɗora. Mafi yawan wannan nauyin kuma ƙafafun gaba ne suke ɗauka. Fad mai arha, da zarar ya yi zafi, sinadarin da ya haɗe namansa yana ƙonewa, fuskarsa ta yi santsi, ka taka birki ƙafarka ta ji tauri amma mota tana ci gaba da tafiya. Ka tuna yadda hanyar Wudil take ranar Juma'a, ga shanu, ga manyan motoci, ga 'yan acaɓa suna tsallakawa. A irin wurin nan ake gane fad ɗin kirki.

Shi ya sa na ₦40,000 ɗin nan ban yarda ka sa shi a wannan motar ba, ko da kwalinsa yana ɗauke da sunan babban kamfani. Kayan nan da dala ake shigo da su, kuma tun da Babban Bankin Najeriya ya saki farashin canji a watan Yunin 2023 har dala ta haura naira dubu, fad na gaske na kalifa mai fistan 4 ko 6 da wuya ya iso Kano a wannan kuɗin. Ko jabu ne, ko na wata mota ne da aka goge gefensa don ya shiga. Haka nan fad ɗin Beljiyam, wanda aka ciro daga wata motar. Ƙofa ko fitila ta Beljiyam babu laifi, amma fad ba ka san irin zafin da ya sha ba.

Na ₦400,000 ɗin, da alama shi ne na asali, na Motorcraft, wato kayan gyaran Ford, ko na Brembo. Yana da kyau ƙwarai, kuma idan aljihu ya ɗauka ban hana ka ba. Sai dai an yi shi ne don mai taka mota sosai yana birki mai ƙarfi a jere, yana zubar da baƙar ƙura a wili, kuma yana cin faifai da sauri. Kai da tafiyarka daga gida zuwa Shuwarin, Dutse da Kano ce, na tsakiyar ya ishe ka, da sharaɗin na sanannen kamfani ne irin su Akebono, Bosch, Textar ko Ferodo, kuma na gaske. Duba lambar kayan a kwali ka gwada ta da wadda ke shafin kamfanin a intanet. Duba gefen fad ɗin, sau da yawa za ka ga haruffa biyu kamar FF ko GG. Na farko yana nuna ƙarfin kamunsa da sauƙin zafi, na biyu da zafi mai yawa, kuma G ya fi F kamu. Na jabu yawanci fentinsa a dame yake, naman fad ɗin kuma za ka ga bai zauna sosai a jikin ƙarfensa ba. Ka sa mai shago ya rubuta maka rasit da lambar kayan.

Sai maganar faifai, wanda shi ne yake iya ninka maka lissafi. A jikin kowane faifai an buga mafi ƙarancin kaurin da aka yarda ya kai. A auna shi da ma'auni, kada a tsaya ga shafawa da yatsa. Idan kaurinsa bai sauka ƙasa da wannan lambar ba, babu zurfafan layuka ko tsagewa, kuma sitiyari ba ya rawa idan ka taka birki, to ka bar shi. Idan ya sauka, canji ne, kuma biyu ake canzawa tare, hagu da dama, kamar yadda fad ma ba a canza na gefe ɗaya. Faifai biyu masu wannan girman suna iya cin ninkin kuɗin fad ko fiye. Wanda ya yi ta jan fad har ƙarfe ya fara cin ƙarfe, wannan kuɗin yake jawo wa kansa. Ka gode Allah ma faifanka na ƙarfe ne. Wasu motocin Porsche da Ferrari suna zuwa da faifan kabon da siramik, wanda kuɗinsa kaɗai ya sayi wata motar.

Man birki shi ne mafi arha a cikin lissafin, kuma shi aka fi mantawa. Yana shan danshin iska a hankali. Man birki irin wanda ake kira DOT 4, idan sabo ne, ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma idan ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155, sai birki ya yi laushi ya nutse a lokacin da ya ɗauki zafi. Duk shekara biyu ake zubar da shi a sa sabo. Motar da ba ka san tarihinta ba, ka canza shi yanzu, irin wanda aka rubuta a murfin kwalbarsa, daga gwangwanin da aka buɗe a gabanka.

Makanikinku kuwa, wannan gaskiyar da ya faɗa maka ta sa na ga girmansa. Aikin gaba ba mai wahala ba ne, awa ɗaya ne zuwa biyu, amma kalifar alminiyam ce, ba ta son dukan guduma, kuma idan aka tura fistan da sukundireba aka yaga robar da ke tare ƙura, yashin garinku zai shiga ya kama fistan cikin 'yan watanni. Shawarata ka kai motar Kano wurin masu aikin motocin Amurka a wannan karon, ka tafi da shi ya gani da idonsa, gaba sai ya riƙa yi maka a gida.

Lissafinka ke nan: idan faifai lafiya yake, ₦150,000 na fad, da ɗan abin da za ka ɗora na man birki, kuɗin aiki da man zuwa Kano. Idan faifai ya tafi, ka shirya wa ninki uku na wannan. Bayan an ɗaura, ka taka birki sau da yawa har ya yi tauri kafin ka motsa motar. Sannan ka nemi titi marar jama'a ka riƙa saukowa daga gudun kilomita 60 a awa zuwa 10 da matsakaicin taka birki, kamar sau goma, ba tare da ka tsaya cak ba, don fad ya zauna a fuskar faifai. Kilomita 300 na farko ka guji birki mai ƙarfi sai dole. Kuma ka hana masu wankin mota watsa ruwa a wili da zarar ka sauko daga doguwar tafiya, su jira faifan ya huce.