Ku Tambaya Mu Amsa: Makefile ɗina yana tafiya a laftof ɗina, a na abokaina kuma ya ƙi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan an yi girbi lafiya. Ni ɗalibi ne, ina zaune a wani ƙauye a gefen Ringim, mu uku ne muke rubuta wata ƴar manhaja da yaren C wadda ƙungiyar manoman riɗi ta garinmu za ta riƙa rubuta buhunan da kowa ya kawo da bashin taki da abin da aka biya. Mun raba aikin folda huɗu, lissafi da ajiya da shiri da gwaji, kowacce da Makefile ɗinta, a sama kuma akwai babba da yake zagaya su da umarnin maimaitawa na for. Ni Ubuntu nake amfani da shi, ɗayan Windows, na ukun yayansa ya bar masa tsohuwar Mac. A wajena komai lafiya, a wajensu sai kuskure kala-kala, sannan ko ni ɗin ma wani lokacin in na gyara lissafi sai in ga shirin bai canza ba sai na goge komai na sake daga farko. Don Allah ya ake tsara abin nan? Daga wani mai karatu, Ringim.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa aikin albarka, wallahi na ji daɗin wasiƙar nan domin aiki ne da mutanen garinku za su ci moriyarsa kai tsaye. Matsala biyu ce ka haɗa a wuri ɗaya, ɗaya ta yadda foldojin ke kiran juna, ɗaya kuma ta bambancin kwamfutocinku, to bari mu fara da ta farkon don ita ce mai haɗari, tunda ita ba ta ihu, shiru take yi ta bar maka tsohon lissafi a cikin sabon shiri, kuma kai kuɗin mutane kake lissafawa.

Shi make, wato shirin da ke karanta Makefile ya gina manhaja, tun da Stuart Feldman ya rubuta shi a Bell Labs a 1976 abu ɗaya ya iya, ya duba lokacin da aka taɓa fayil na ƙarshe, in abin da ake gini da shi ya fi ginin sabunta sai ya sake ginawa, in ba haka ba ya ƙyale. Amma fa abin da aka gaya masa kaɗai ya sani. Da ka shiga foldar shiri ka kira wani make ɗin daban, wannan na biyun bai san akwai wani abu wai shi lissafi.c a maƙota ba, Makefile ɗin gabansa kawai yake gani. Kamar gayya ce da aka raba gona huɗu aka sa wa kowane ɓangare shugabansa amma ba wanda ya gaya wa na gabas cewa na yamma ya canza layin kunya. Wani injiniya ɗan Ostireliya, Peter Miller, ya yi rubutu a kan wannan tun 1997 mai suna Recursive Make Considered Harmful, kuma ainihin ƙorafinsa kenan, an yanka hoton wa-ya-dogara-da-wa gunduwa-gunduwa, kowane make yana ganin guntu.

To ba wai haramun ba ne, kanel ɗin Linux ma da irin wannan zagayen ake gina shi, sai dai in za ka yi to ka yi shi da ƙa'ida. Abu na farko ka cire for ɗin nan. Shel, wato shirin da ke gudanar da umarnin, yana mayar da sakamakon umarni na ƙarshe ne kawai, wato in lissafi ta faɗi da kuskure amma gwaji ta wuce lafiya, make zai ɗauka komai ya yi daidai, kai kuma rubutu ya riga ya gudu sama ba ka gani ba. Sannan da for ba ka cin ribar make -j4, ɗaya bayan ɗaya za su bi layi ko da laftof ɗinka na iya ɗaukar aiki huɗu a tare. Ga yadda babban zai kasance:

```
.POSIX:
FOLDA = lissafi ajiya shiri gwaji

all: $(FOLDA)

$(FOLDA):
	cd $@ && $(MAKE)

ajiya: lissafi
shiri: lissafi ajiya
gwaji: shiri

.PHONY: all $(FOLDA)
```

Layuka ukun nan na ƙasa su ne zuciyar abin, a nan ka faɗa ƙarara wa ke jiran wa, ba ka bar shi ga sa'ar jerin sunaye ba. Kuma ka lura da .PHONY ɗin, in babu shi make zai ga ai akwai folda mai suna lissafi a zaune, sai ya ce an gama ya tafi abinsa. Ka lura kuma $(MAKE) na rubuta ba make tsura ba, wannan kar ka taɓa wasa da shi, don ta nan ne na sama yake miƙa wa na ƙasa zaɓuɓɓukan da ka ba shi da rabon aikin -j, kuma ta nan ne ake tabbatar da make ɗin da ka kira shi ne dai ake sake kira. A FreeBSD misali make nasu daban ne, na GNU sunansa gmake, in ka rubuta make tsura sai ka fara da wannan ka ƙare a hannun wancan. Sai && ɗin da ke bayan cd, shi ma ba ado ba ne, in foldar ba ta nan to kar a ci gaba, in ka sa waƙafi mai ɗigo a wurinsa make zai iya sake kiran kansa a folda ɗaya yana ta juyawa ba iyaka.

Yanzu ga maganin tsohon lissafin da ke maƙalewa. A cikin Makefile ɗin shiri dole ka ambaci kayan maƙota da sunansu, shirin ya dogara da ../lissafi/liblissafi.a, shi kuma main.o ya dogara da ../lissafi/lissafi.h. Na tabbata wannan na biyun ne ba ka rubuta ba, kusan kowa nan yake faɗawa. In fayilolin .h sun yi yawa ka gaji da rubutawa da hannu, gcc da clang, masu mayar da rubutun C ya zama shiri, duka suna karɓar -MMD -MP, su za su rubuta maka ƙananan fayiloli masu ƙarewa da .d ɗauke da jerin, kai kuma ka jawo su da -include. Duk da haka akwai ramin da ba ya cikuwa, in ka gyara lissafi.c sannan ka tsaya a cikin shiri ka buga make, ba za a sake gina laburaren ba, don ba aikin wannan Makefile ɗin ba ne. Saboda haka ku yi yarjejeniya ku uku, gini daga sama ake yinsa kullum.

In ka tambaye ni ra'ayina kuwa, folda huɗu da mutum uku ba su kai a raba make ba. Da ni ne sai kowace folda ta ajiye ɗan fayil guda, a ce module.mk, mai jera fayilolinta da cikakkiyar hanyarsu daga sama, babban Makefile ya yi include ɗinsu duka, make ɗaya ya ga hoton gaba ɗaya, kowa kuma yana nan da fayil ɗinsa da yake gyarawa ba ya taka na wani. Zagayen yana da amfani ne a inda iyakar ta gaskiya ce, kamar ka ɗauko laburaren wasu da ya zo da nasa tsarin ginin, ko kuna da niyyar wata rana lissafi ta fita ta zama aiki mai zaman kanta. In akwai wannan niyyar to ka bar zagayen yadda na nuna maka, in babu ka haɗe su tun aikin yana ƙarami.

Mu koma kan abokanka. Kalmar nan ta a ce Makefile yana tafiya ko'ina, sai ka fara yanke shawarar wane make ka yi wa alkawari. Ko dai ka ce mu GNU make muke amfani da shi kowa ya saka, ko ka tsaya kan ƙa'idar POSIX da kusan kowane make ya yarda da ita. Duka biyun hanya ce, abin da ba ya yiwuwa shi ne ka rubuta da salon GNU kana zaton na kowa ne. Dokar %.o: %.c ta GNU ce, haka $(wildcard) da $(shell) da ifeq, wadda kowa ya sani ita ce tsohuwar .c.o, kuma $< a cikin irin wannan dokar kaɗai yake da tabbas. Shi .POSIX: da na sa a layin farko ba ɗan sanda ba ne fa, GNU make ba zai hana ka amfani da kayansa ba don ka rubuta shi, in kana so ka gane gaskiya ka saka bmake, wato make ɗin BSD, a Ubuntu ɗinka ka gwada da shi, duk inda ya yi tirjiya to ka san ka jingina da GNU.

Mai Mac ɗin nan, ka ce ya buga make --version, zai ga 3.81, ta 2006 ce, Apple ba su matsa daga nan ba, don haka duk wani sabon abu da ya shigo GNU make daga baya ba zai yi a wajensa ba, kuma sed -i nasu ma ba irin naka ba ne. Mai Windows kuma matsalarsa ba make ba ce, babu rm da sauran umarnin da Makefile ɗinka ke kira a cmd, nmake na Microsoft kuwa wani yare ne daban. Kar ka ɓata lokaci kana rubuta biyu-biyu, ya saka MSYS2, wanda ke kawo wa Windows make da waɗannan umarnin, ya riƙa gini daga cikinsa, ranar da ya shiga gari ya samu netiwok mai kyau sai ya sauke. Sannan duk abin da ya bambanta ku tara shi a fayil ɗaya a sama, tsari.mk, a ciki CC = cc da CFLAGS da EXE wanda yake fanko a wajenku amma .exe a wajensa, kowace folda ta yi include ../tsari.mk, wanda yake son canji ya buga make CC=gcc EXE=.exe daga sama zai gangara har ƙasa da kansa. Kuma ka kiyayi salon bash a cikin umarni, /bin/sh make yake kira, a Ubuntu ɗinka ma dash ne ba bash ba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina koyar da kwamfuta a wata makarantar ƴammata a karkarar Bichi, laftof ɗin da muke da shi tsoho ne, da sola muke cajinsa. Duk sanda na kawo aiki a filasha na buga make sai ya ce Clock skew detected, wani lokacin kuma ya ƙi gina abin da na gyara. Ƙwayar cuta ce ta shiga? Daga wata malama, Bichi.

AMSA: Malama sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri a kan yaran nan. Ba ƙwayar cuta ba ce, agogo ne. A cikin laftof akwai wani ɗan batiri mai kama da kwabo, galibi CR2032, shi ke riƙe lokaci in an kashe na'ura, in ya mutu kuma babban batirin ya ƙare tas sai kwanan wata ya koma shekarun baya, kuma tunda ba intanet balle ya gyara kansa. Fayilolin filashar sai su zama kamar daga gobe suka zo, abin da kika gyara yanzu kuma ya zama ya girmi abin da aka gina da shi, make kuwa da lokaci kaɗai yake hukunci. Ki buga date ki gani kafin ki fara, ki gyara agogon, sannan find . -type f -exec touch {} + da make clean, sai ki sake gini. Batirin masu gyaran kwamfuta suna canza shi ba tsada. Ki daina gini a kan filashar kanta ma, in FAT32 ce lokacinta daƙiƙa biyu-biyu yake tafiya, ki kwafe aikin zuwa cikin laftof tukuna, kuma kar ki riƙa yawo da fayilolin .o daga na'ura zuwa na'ura. In kina amfani da git, git bundle zai dunƙule miki aikin duka a fayil ɗaya ki ɗauka a filasha ba ko sisin data.

TAMBAYA: Yaya, a waya nake koyo da Termux don ba ni da kwamfuta, abokina ya turo min Makefile ta WhatsApp na kwafa na liƙa, sai missing separator. Stop. kawai nake gani. Daga wani ƙaninka, Maigatari.

AMSA: Ƙanena ka burge ni, ci gaba da wayar nan, make da clang duka suna tafiya a Termux lafiya lau. Layin umarni a Makefile dole da tab yake farawa, ba tazarar sifes ba ko da guda takwas ne, haka Feldman ya tsara tun farko, da ya gane abin zai dami mutane kuma an riga an fara amfani da shi sai ya bar shi. A wajen kwafa da liƙawa tab ɗin ya rikiɗe. Ka buga cat -A Makefile, inda ka ga ^I to tab ne na gaske, inda babu ka goge tazarar ka danna TAB ɗin da ke jerin maɓallan Termux a saman kibod. In kuma ka ga ^M a ƙarshen layuka to daga Windows fayil ɗin ya fito, dos2unix zai wanke shi. Akwai .RECIPEPREFIX da ke ba ka damar canza tab da wata alama, amma daga GNU make 3.82 ya fara, kar ka saba da shi. Nan gaba ka ce ya turo maka shi a matsayin fayil, ko a cikin zip, ba rubutu a saƙo ba.