Ku Tambaya Mu Amsa: Na gama kodin, wai sai na ƙara da hayfalink?

TAMBAYA: Salamu alaikum malam, ya aiki. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Marwa, ina rubuta kundin masta kan mata 'yan kasuwa masu tsallaka gadar Ngeli tsakanin Kuseri da Njamena. Na yi hira da su, wasu da Hausa wasu da Larabcin Shuwa, na zuba komai cikin ATLAS.ti, manhajar nazarin hirarraki, na yi ta kodin, wato sa wa maganganu laƙabi, har idona ya yi ja, yanzu kuma malamina ya ce sai na yi amfani da hayfalink. Wai shi wannan me zai ƙara min? Daga wata ɗaliba, Marwa.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Gaskiya malaminki bai takura miki ba. Shi kod aikinsa tarawa, kamar mai ware hatsi ne, gero buhunsa daban dawa buhunta daban, duk inda aka ambaci bashi ki jefa shi buhun "bashi". To amma kin ga da zarar magana ta shiga buhu ta rabu da 'yar uwarta.

Ga misali. Wata hajiya ta ce miki a farkon hira ita ba ta taɓa cin bashi ba, can kuma da hira ta yi daɗi sai ta ce ai atamfofin nan na wani alhaji ne a Kuseri, sai ta sayar take kai masa kuɗinsa. Kod zai ajiye su wuri ɗaya ya yi shiru abinsa. Da hayfalink kuwa za ki ɗaure maganar farko da ta biyu kai tsaye, ki kuma faɗi abin da ke tsakaninsu, cewa wannan ta saɓa wa waccan, kina dannawa ya kai ki can cikin hirar ki ga abin da ta faɗa kafin nan da bayan nan. Daga nan ne za ki fara tambayar kanki, kunya ce ta hana ta faɗa ko kuwa a wajenta karɓar kaya ba bashi ba ne? Wallahi a irin nan nazari yake, sauran duk jera kaya ne.

A wannan fanni ATLAS.ti na da ƙarfi, tun wanda Thomas Muhr ya fara a Jami'ar Fasaha ta Balin a Jamus ya fito kasuwa a 1993. Yana zuwa da dangantaka shiryayyu, irin su goyon baya, saɓani, ƙarin bayani, ci gaban magana, kuma kina iya ƙirƙirar taki. Har hoton littafin bashi ko guntun murya za ki iya ɗaurawa da rubutu. Manhajoji irinsa, MAXQDA da NVivo, su ma suna haɗa wuri da wuri, amma ni dai a wajen sa wa dangantaka suna na fi jin daɗin wanda ke hannunki.

Sai dai fa kar ki ɗau zafi ki ɗaure komai da komai, za ki buɗe zanen netwok, wato taswirar abubuwan da kika ɗaure da juna, ki ga layuka sun cakuɗe ke kanki ki rasa ta ina za ki fara. Inda aka yi saɓani, ko inda labari ya katse aka dawo masa daga baya, nan kawai ya isa, kuma ki rubuta ɗan memo na dalilin haɗawar don bayan wata biyu kin manta.

Su link ɗin nan cikin fayil ɗin projet, wato aikinki na cikin ATLAS.ti, suke zaune, ba cikin takardunki na Word ba, don haka ki riƙa fitar da projet ɗin gaba ɗaya kina sawa a filash, kin san halin wutarmu.