Layin da nake so ka fara sawa a tablon kawunka

Ka ce kawunka ya ba ka aikin yi masa tablo a Excel, don ya riƙa bin kuɗin wuta da na ruwa na gidan hayarsa da ke Talaje, kai kuma ba ka san abin da za ka zuba ciki ba. To, ajiye salular nan ka dube ni, ɗana, don ba zan maimaita ba.

Yadda ake buɗe Excel da ja layi da rubuta SOMME don ya tara maka lambobi, wannan kar ka tambaye ni. Ku da kuka yi lakwal, kuke kwana kuna latsa waya, in wannan ya gagare ku ban san amfanin yatsun naku ba. Abin da na lura da shi a wurin yaran yanzu shi ne, in aka ce su yi tablo sai su rubuta wata, su rubuta kuɗin da aka biya, su shafa masa launi kore da ja, su ce sun gama. Kuɗi kaɗai ba ya gaya maka komai. Takardar NIGELEC, kamfanin wuta, hawa-hawa take, wanda ya sha da yawa farashin kilowat ɗinsa na sama ya fi na ƙasa tsada, ga haraji da sauran kuɗin da ake ɗorawa. Lambar da ke jikin konta ita ake rubutawa, tare da ranar da aka karanta ta. Ta wannan wata a cire ta watan jiya, abin da ya rage shi aka sha.

Amma tun da gidan haya ne, akwai layi guda da na fi so ka sa kafin kowane, kuma sai da na yi asarar jika 240 kafin na san darajarsa.

Farkon 2019 wani Alhaji ya kira ni, ya gina ɗakuna takwas na haya, da sashensa a baya. Kontar NIGELEC guda ce a bakin ƙofa. Na ja wayar gidan tun daga tushe har ƙwan fitila na ƙarshe, na sa wa kowane ɗaki ƙaramar kontarsa, na sa konta ta tara a sashen Alhaji. Kontocin nan ni na sayo su a Katako da kuɗin aljihuna, wasu ma bashi na ɗauko wurin wani ɗan garinmu, mutumin Tawa. Kuma na hannu ne, ba daga sifiri suka tashi ba, kowace da tsohuwar lambarta. Ranar da na ɗaure su ban rubuta ko ɗaya ba. Na ce ai Alhaji ne, sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci. Ya ba ni rabin kuɗina, ya ce saura in 'yan haya sun zauna.

Lokacin sanyi ne, takarda tana zuwa jika 40, jika 45, kowa yana biyan rabonsa, babu mai ɗaga murya. Sai azumi ya faɗo cikin Mayu, zafin Yamai ya haura digiri 40. Takarda ta zo jika 140. Aka tara abin da ƙananan kontoci suka nuna, bai kai ko kusa da abin da babbar ta ci ba. Kilowat wajen 500 sun ɓace a tsakani.

Alhaji bai kira ni gefe ba. A ƙofar masallaci bayan la'asar, gaban mutanen da suka san ni shekara ashirin, ya ce wayata ce ke yoyo cikin ƙasa, na sa masa kayan banza, kuma kontocina na ƙarya ne. Ni! Ni da na ja wayar gidajen sama a Filato ba a taɓa kira na an ce ko soket ya yi zafi ba. Na ce masa, Alhaji, kilowat 500 a wata wajen wat 700 ke nan dare da rana, sama da amfiya 3 a kan bolt 220. Da wannan wutar ƙasa take shiga, da dizantar, mai katse wuta in an sami matsala, ta faɗi tun ranar farko. Ya ce shi bai san amfiya ba, takarda ya sani, in nuna masa takarda. To wace takarda zan nuna? Ba ni da lambar ranar farko, ba ni da ta Fabrairu, ba ni da ta Maris. 'Yan haya a bango suke rubuta nasu da gawayi, su goge su sa sabuwa.

Kwana biyu na yi a gidan nan da azumi a bakina, ni da yara biyu. Na kwance kowane akwati, na auna kowane layi, har kebul ɗin da na binne a tsakar gida sai da na tone. Ban sami komai ba, don duk ranar da zan zo an riga an zare abin da za a zare. Ya riƙe kuɗina, ya ce ya cire asararsa. Ɗan garinmu na Katako kuwa sai da na sayar da ragon da nake kiwo don layya na biya shi.

Bayan Sallah da wata biyu, wata mai haya da za ta tashi ta tare ni a hanya, ta ce, Malam, ina jin nauyinka. Ashe akwai wani ɗakin ajiya a bayan sashen Alhaji, an zuba manyan firigo huɗu, ana daskarar da ƙanƙara ana sayarwa da yamma lokacin buɗa-baki. Wani yaro irinku, wanda ya yi wata shida a hannun wani ya ɗauka ya ƙware, shi aka ba jika 5 ya ja musu waya tsakanin babbar konta da ƙananan. Wutar tana bi ta kontar NIGELEC, amma ba ta taɓa ko ɗaya cikin tawa. Alhaji yana cin ribar ƙanƙara, yana neman 'yan haya da ni mu biya masa wuta.

Na koma wurinsa. Ya ce in kawo shaida. Matar ta riga ta koma Doso, firigon an kwashe.

Ka gane layin yanzu? Abin da babbar konta ta ci a wata, ka cire jimillar ƙananan. Ka sa masa suna "giɓi". A gida mai lafiya zai riƙa ba ka ɗan abu kaɗan, fitilar zaure da ta bayi in ba su kan kontar kowa, da ɗan saɓanin da ba a rasawa tsakanin kontoci. Da ina da layin nan tun Janairu, da na buɗe shi a ƙofar masallacin nan na ce, jama'a ku duba, wata huɗu giɓi bai wuce kilowat 15 ba, wane irin yoyo ne yake jiran ganin watan azumi kafin ya fara? Da ko bai biya ni ba, da sunana ya tsira. Shekara guda cur ban sami aiki ko ɗaya a unguwar nan ba.

Rabon kuɗi kuma kar ka ɗauki farashin kilowat guda ka ninka wa kowa, za ka ga kullum kuɗi bai cika ba. Kilowat ɗin ɗaki ka raba da jimillar na dukan ɗakuna, ka ninka da abin da ke ƙasan takarda. Haka haraji da tsadar hawan sama za su rabu daidai da shan kowa. In mai kilim ya yi ƙorafi, ka yi masa lissafi a gabansa: fanka mai wat 70 in ta yi awa 10 kullum, kilowat 21 ne a wata, kilim ɗinsa kuwa yana iya cinye wannan cikin kwana uku.

Ruwa haka yake, ko takardar tana ɗauke da sunan kamfanin ruwa SEEN irin na da, ko NDE da ta karɓa a 2024. Baƙaƙen lambobin da ke jikin kontar ruwa su ne mita kub, kowane lita 1000, wato jarka 40 mai lita 25. In abin da aka sha ya yi tsalle, a rufe duk famfunan gida a duba ko ƙaramar allurar tana juyawa. Sauran aikin mai famfo ne, ba nawa ba.

Ka bar layi na gas, ranar da aka sa kwalba da ranar da ta ƙare. Ka bar na man gurup, wato janareta, shi ma. Lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta a Agustan 2023, mutane sun ga takardarsu ta sauka, suka manta da abin da suke zubawa gurup kullum, ga shi ya ninka abin da suka rage. Sai layi na ƙarshe, na bayani: an yi baƙi, an yi suna, ɗaki na uku ya sayo firigo. Ba wanda zai tuna wannan bayan wata biyar.

Gobe kafin ka zo gareji ka biya ta gidan kawun naka. Ka ɗauki hoton kowace konta yadda lamba za ta fito, mai ɗakin yana tsaye yana kallo, ka kuma rubuta a littafi ya sa hannu, don salularku kullum cikin faɗawa ruwa take. Sannan ka bi wayar da ta fito daga babbar konta da idonka, taku-taku, har inda ta rabu. In ka ga wata ta ratse ta nufi bayan gida, kar ka taɓa ta, kar kuma ka ce wa kowa komai, ka zo ka kira ni.