Fatawa: Yi wa Nakasassu Tanadi a Walimar Saukar Alƙur'ani

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah shi gafarta Malam. Ni ɗan kwamitin wata Islamiyya ne a nan cikin garin Sakkwato. Muna shirin walimar sauka, za a yi karatu cikin masallacin unguwa, a ci abinci a farfajiyar makaranta. Cikin masu sauka akwai yaro mai keken guragu, akwai yarinyar da mahaifiyarta kurma ce, kuma muna sa ran makafi cikin dangi. Da munka zauna na ce a yi musu tanadi. Wasu sunka ce ai Allah ya ɗauke musu, "laisa alal a'ama harajun", wato babu laifi a kan makaho, kuma kuɗin da aka tara na abinci da rumfa ne. Wasu sunka ce keke ba ya shiga masallaci don tayarsa na taka ƙazanta, in lokaci ya yi a ciccibi yaron a haye da shi matakala uku da ke ƙofa. Mene ne hukunci, Malam?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya yi wa yaran albarka.

Taron da aka gayyaci jama'a, aka kuma shirya shi da kuɗin jama'a, wajibi ne masu shiryawa su kawar da abin da zai cutar da mahalarci ko ya tsare shi a ƙofa, gwargwadon ikonsu. Abin da ya ƙaru a kan haka na kyautatawa mustahabbi ne. Korar nakasasshe ko wulaƙanta shi kuwa haramun ne.

Ayar da 'yan kwamitinku suka kafa hujja da ita, a kansu take. Rangwamen da Allah ya yi na makahon ne da gurgun. Shi ne zai ce yau ba zan iya zuwa ba, kuma babu laifi a kansa. Mai lafiya ba shi da ikon ɗaukar rangwamen wani ya toshe masa ƙofa da shi. Su koma su karanta aya ta 61 ta Suratun Nur har ƙarshenta, za su tarar maganar cin abinci take yi. Malaman tafsiri sun ambata cikin dalilan saukarta cewa wasu mutane suna ƙyamar haɗa akushi da makafi da guragu da marasa lafiya, su ma ɗin suna janye jiki, sai Allah ya ɗauke wannan ƙunci. Suratu Abasa kuma kowane ɗan Islamiyya ya haddace ta, kuma a kan Abdullahi ɗan Ummu Maktum ta sauka, makahon da ya zo majalisi yana neman ilimi. Daga baya shi ne ladanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tare da Bilal, kuma akan bar masa limancin Madina in an fita yaƙi. Imam Ahmad ya ruwaito daga Abu Zarri cewa cikin ƙofofin sadaka akwai yi wa makaho jagora da jiyar da kurma da bebe har ya fahimta. Shi kuma hadisin "la darara wa la dirara" (ba cuta, ba cutarwa) yana cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik.

Sai keke da masallaci. Asalin abubuwa tsarki ne, kuma ba a hukunta najasa da zato. Taya hukuncinta hukuncin takalmi: Abu Dawuda ya ruwaito cewa wanda ya zo masallaci ya duba takalminsa, in ya ga ƙazanta ya goge, ya yi salla da shi. To a ajiye tsumma mai laima a ƙofa, a goge tayoyin, a shimfiɗa leda ko tsohuwar tabarma inda keken zai bi in ana tsoron ɓata kafet. Annabi ya yi ɗawafi bisa raƙumi, ya kuma umurci Ummu Salama da ta yi ɗawafi a haye lokacin da ba ta da lafiya, a masallaci mafi alfarma a bayan ƙasa.

Ciccibar yaron tana halatta in ta zama dole kuma ya yarda, amma ba ta isa a kira ta tanadi ba. Masu ɗauka sukan kama abin ɗora ƙafa ko hannun kujera, alhali a kekuna da yawa waɗannan zarewa suke yi, sai mutum ya kifa. Ga kuma kunya: yaron da ya sauke Alƙur'ani a shigo da shi kamar buhun gero a gaban abokansa. In mace baliga ce, ga matsalar maza waɗanda ba muharramanta ba. A yi gangare.

Lissafinsa kowane kafinta zai gane: kowane inci 1 na tsayin matakala yana buƙatar ƙafa 1 na tsawon gangare. Matakala uku masu inci 6 kowace, inci 18 ke nan, gangarenku ƙafa 18. Faɗi ƙafa 4. Inda aka fi kuskure shi ne a jingina guntun falanki mai ƙafa 5 ko 6 a ce an gama. Wannan tsayuwa ta yi yawa, keke yakan tuntsura baya wajen hawa, ya kuɓuce wa mai turawa wajen sauka. A sa ƙafafun katako a ƙarƙashi kada tsakiya ta lotsa, a kafa dogarin katako mai inci 3 ko 4 a gefuna biyu don taya kada ta zame waje, a yi abin dafawa mai tsayin kimanin ƙafa 3. A saman gangaren a bar fili shimfiɗaɗɗe ƙafa 5 kafin ƙofa, domin nan keke ke juyawa. In da siminti za ku yi, kada magini ya goge shi sumul, ya ja tsintsiya a kai tun yana ɗanye, kuma kada a manna tayil mai santsi. In gaban masallacin ba ya ɗaukar ƙafa 18, a kwantar da gangaren jikin bango, ko a duba ƙofar da ta fi kusa da ƙasa. Kada a ci hanyar jama'a da shi. Ƙofar kanta ta kai ƙafa 3, kuma a sa yaro guda ya riƙa kwashe takalma, don tulin takalmi a bakin masallaci yana tare keke da sanda kamar yadda matakala ke yi.

A farfajiya abokin gaba rairayi ne, ƙananan tayoyin gaba nutsewa suke yi cikinsa. A yayyafa ruwa a daddaɓe hanya guda daga bakin ƙofa zuwa rumfa, ko a jera falankai. A rufe lambatu. Igiyoyin rumfa da turakunta da wayar lasifika su ke kayar da makaho, a janye su daga hanya, wadda ba ta janyuwa a binne ta. Keken hannu mai taya uku, irin wanda ya fi yawa a garin nan, ya fi na asibiti tsawo, a bar masa wurin juyawa mai yalwa.

Wurin zama kada ya zama lungu guda da za a tara su kamar masu jiran sadaka. A zare kujera ɗaya ko biyu a bakin layuka daban-daban, mai keke ya zauna cikin danginsa, yaron kuma cikin sahun abokan saukarsa. In za a hau dandamali karɓar shahada, ko dai a kai gangare can, ko a sauko da bayar da shahadar ƙasa ga kowa da kowa. Inuwa kuma a fara ba zabiya da tsofaffi. Zafin Sakkwato a watannin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40, kuma rana tana ƙona fatar zabiya tana kashe masa ido.

Makewayi shi ne abin da kwamitoci ke mantawa, har wasu su ƙi shan ruwa tun safe saboda shi. Wanda ke rarrafe da hannuwansa, jiƙaƙƙen daɓe najasa ce a tufarsa da tafinsa, ga salla na jiransa. A keɓe ɗaya mafi faɗin ƙofa, a wanke shi ya bushe, a ɗora kujerar da aka huda tsakiyarta bisa ramin, a kafa ƙarfen dafawa a bango, a ajiye buta inda hannu zai kai daga zaune. A yi irin wannan a ɓangaren mata. Sau da yawa akan gyara wajen maza, a bar na mata yadda yake.

Kawo mai fassara da hannu ya halatta, kuma ana samun lada. Malaman fiƙihu sun ce isharar bebe da aka saba da ita tana tsayawa matsayin furuci. Abu Dawuda ya ruwaito Annabi yana huɗuba a Mina, Aliyu yana isar da maganarsa ga mutane. Abin da mai fassara zai isar ma'anar ayoyi ce da jawabai, ba a kiran isharar kanta Alƙur'ani. Amma ku fara tambayar mahaifiyar nan kurma wace magana take ji, don maganar hannu ta gargajiya da ake yi a gida daban take da wadda ake koyarwa a makaranta. Kuna iya neman shawara a makarantar masu buƙata ta musamman ta A.A. Raji da ke nan Sakkwato. Mai fassara ya tsaya kusa da mai jawabi, haske a fuskarsa, taga ko rana kada su kasance a bayansa. In taron zai wuce awa guda a nemi biyu su riƙa karɓar juna bayan minti 20 zuwa 30, domin hannu da hankali suna gajiya. Tunda matar a ɓangaren mata za ta zauna, mace ta fi dacewa, a inda sauti ke kai mata sarai. Janareta a kai shi nesa saboda masu raunin ji.

Makaho a yi masa sallama, a faɗi suna, a tambaye shi ko yana son jagora. Kada a finciki sandarsa, kada a ɗauke ta bayan ya zauna. In an ajiye abinci a gaya masa mene ne da inda yake. Wanda kuturta ta ci yatsunsa kuma ya sha magani ba ya harbin kowa, babu dalilin ware masa kwano. A ba shi kofi mai mariƙi, a kwance masa ƙullin leda.

Masu tsaron ƙofa ku tara su tun jajibiri. Da yawansu da sun hango sanda ko keke sai su ce "Allah ya ba da haƙuri", sun ɗauka bara aka zo. Wanda aka kora ɗin yana iya zama kawun mai sauka.

Batun kuɗi: abin da aka tara da sunan hidimar walima ya halatta a yi wannan aiki da shi, domin abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Wanda ya ba da nasa da sharaɗin rago ko shinkafa, ba a karkatar da shi sai da izninsa. Zakka ba ta shiga gini. Gangare na dindindin a jikin masallaci ya halatta da yardar limami da masu kula da shi, kuma ya fi na katako, tunda kowace Juma'a da kowace jana'iza ana buƙatarsa. Hukuma ma ta wajabta: dokar hana nuna wa nakasassu bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara, wa'adin kuma ya cika. In kuɗi sun gaza, a rage bugun kalanda da kayan rabo. Kuma kada mai gabatarwa ya riƙa shelar abin da aka yi musu a lasifika, ko a ɗauke su hoto ba da yardarsu ba, don aya ta 264 ta Suratul Baƙara ta hana ɓata sadaka da gori.

Kwana biyu kafin taron ku kira yaron da mahaifinsa, ya bi hanyar da kekensa tun daga bakin titi zuwa cikin masallaci, zuwa rumfa, zuwa makewayi. Duk inda ya tsaya, a gyara kafin kafinta ya kwashe kayan aikinsa.

Wallahu a'alam.