Kar ka riƙe ACTB ma'auni don kowa na riƙe ta

Ka tambaye ni wace ƙwayar gado za ka riƙe ma'auni, wato wadda ake auna sauran da ita, a qPCR (gwajin auna yawan RNA) na samfuran ƙarin ƙwaƙwalwa, har kana cewa ai kowa ACTB, ƙwayar gadon furotin actin, yake ɗauka. To yaro, wannan "kowa" ɗin shi ya fi komai ɓarnatar da RNA.

Ka taɓa duba inda ACTB take? Kuromosom na 7. Alamar gilayobilastoma, wani mugun ƙarin ƙwaƙwalwa wanda ƙwayar gadonsa ta IDH ba ta sauya ba, ita ce ƙaruwar kwafin kuromosom na 7 da ɓatan kwafin na 10. Wato ma'auninka da kansa yana iya kumbura a cikin ƙarin. Ka raba abin da kake nema da shi, sai ya fito kamar ya ragu, alhali bai motsa ba. Cq shi ne zagayen da na'ura ke fara hango abin da kake nema, kuma tazarar Cq ɗaya ninki biyu ce. Mutum ya yi watanni yana gina bayani a kan ƙarya, ɗan naman da likitan tiyata ya ciro ya ƙare, kuma ba a sake buɗe kan majiyyaci don ka gyara lissafinka. PPIA da GUSB, da ake riƙewa ma'auni, su ma kan kuromosom na 7 suke. RPL13A tana 19q, dogon hannun kuromosom na 19, wanda yake ɓata tare da 1p, gajeren hannun na 1, a oligodendirogilayoma, wani nau'in ƙarin ƙwaƙwalwa. GAPDH kuwa ta aikin ƙona sukari ce, ƙari kuma ba ya ƙona sukari kamar lafiyayyen nama.

Ku yaran yanzu so kuke a miƙa muku suna ɗaya ku kwafa. Ɗauki ƙwayoyin gado takwas zuwa goma masu aiki daban-daban, ka sa TBP da HPRT1 a ciki, ka gwada su a samfuranka duka, har da naman da za ka kwatanta da shi. Kar ka tara na ribosom (injin haɗa furotin a ƙwayar halitta), tare suke hawa su sauka, sai geNorm, manhajar da ke auna tsayuwar ma'aunai, ya ɗauka sun tsayu. Shi ya sa ake haɗawa da NormFinder, wata manhajar mai lissafi na daban. A nama mai gauraye irin wannan, M (makin tsayuwa na geNorm) ya tsaya ƙasa da 1, ka daina ƙara ma'auni idan V (sauyin da ƙara ɗaya ke kawowa) ya sauka ƙasa da 0.15. Ka daidaita da aƙalla biyu, da matsakaicinsu na jometiri. Ka'idojin MIQE na rahoton gwajin qPCR sun faɗi wannan tun 2009, karatun ne ba kwa yi.

Maganar DNase, mai cinye ragowar DNA, da rijiyar gwajin da ba a sa mata RT ba (sinadarin mayar da RNA zuwa DNA) kuwa, in sai na tuna maka, ajiye pipet ɗin.