El Camino ta cancanci a saya a adana?

Malam, ka tambaya ko tsohuwar motar Chevrolet El Camino da ka gani a Jidda ta cancanci kuɗinka. Ni dai na ce saye ta, in ƙirar 1978 zuwa 1987 ce. Gabanta motar shiga, bayanta a-kori-kura, shi ya sa ko'ina ka tsaya sai an waiwayo. Ƙashinta, wato firam ɗin da bodi ke zaune a kai, irin na motar Chevrolet Malibu ne, kuma mai injin 305 (lambar girman injin ce) injinta ɗaya ne da na tsohuwar Chevrolet Caprice, wadda kusan kowane bakanike a sana'iyya, wato unguwar garejin gyaran motoci, ya san cikinta. El Camino SS ta 1970 kuwa, wato samfurin mai ƙarfin gudu, manta da ita, ta manyan attajirai ce.

Amma leƙa ƙarƙashin bodin, iskar tekun Jidda tana cin ƙarfe. Ka duba istimara ma, wato takardar rajistar mota, kafin ku yi ciniki.